Saƙon da Kawu Ya Ba Ni a Bakin Kogo

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara. Ranar wata Laraba da hantsi aka kira Kawuna, yayan mahaifiyata, ya amsa. Yau kwana arba'in ke nan cif. Na ɗauki biro ne saboda jiya na ji wata tana cewa "marigayi" a waya, muryarta ko rawa ba ta yi ba, ta zarce da maganar tsadar kifi a kasuwar Longsight. Ban ga laifinta ba, haka duniya take. Amma ni ban gama da shi ba tukuna, kuma ba na so a manta da shi tun ban faɗi irin mutumin da yake ba.

Gidansa na Levenshulme ƙarami ne, cikin jerin gidajen nan da kowa ke raba bango da maƙwabcinsa. Kafin la'asar ta ranar takalma sun cika bakin ƙofa har sun malalo kan titi. Maza a falo, mata a kicin da kan matakala. Ga ɗaliban jami'a da jakunkunansu a baya, ga likitoci da ko katin aiki ba su cire daga wuya ba. Abin da ya ba ni mamaki, duk wanda ya gama "Allah Ya jiƙansa" sai ya ce, "Ni ma fa ya kai ni Kogo."

Kogo shi ne sunan da Kawu ya raɗa wa tsohon ramin jirgin ƙasa da aka fafe ta ƙarƙashin duwatsun da ke tsakanin Manchester da Huddersfield. Mil uku ne da 'yar ɗoriya, jirgi ya shiga ta Diggle ya fita ta Marsden. A can Kawu ya yi aikinsa har ya yi ritaya, yana duba lafiyar bangon. Kuma duk baƙon da ya zo daga gida ya faɗo hannunsa, sai ya sa shi a jirgi ya ratsa da shi ta ciki.

Wata akanta da ke zaune a Gorton ce ta fara ba mu nata labarin a kicin. Ta ce, "Satina biyu da zuwa ya ce in shirya, Asabar za mu fita. Na zata shopping za a kai ni town. Na ci ado, na sa takalmi mai tsini. Wallahi sai ga ni a kan dutse cikin tumaki, iska tana neman tafiya da gyalena, shi kuwa yana nuna min wata rijiya yana ta bayani." Muka yi dariya har da masu riƙe ciki. Can sai ta rufe fuska da gyalen, dariyar ta koma wani abu daban.

Wajen ƙarfe biyar wani dattijon Bature ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu. Daga Marsden ya taso, abokin aikin Kawu ne na shekara goma sha tara. Ya dubi tulin takalman, ya sunkuya da ƙyar ya kwance nasa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa cikin maza duk da gwiwoyinsa suna ƙara. Bai iya gaisuwar mutuwa irin tamu ba, abu ɗaya ya faɗa da Turanci: a duk shekarun nan bai taɓa ganin Kawu ya wuce bulo ɗaya don yana sauri ba.

Duk wannan ina ji, amma hankalina yana wani wuri. Babban ɗan Kawu, wanda duk dangi muke ce wa Likita, ya iso daga Birmingham tun azahar, waya a kunne, takardu a hannu. Shirin kai gawa Zariya yake yi, domin kowa ya san tsohuwar wasiyyar Kawu: in ya mutu a kai shi gida. An riga an gaya wa Umma, mahaifiyata, wadda rabonta da ganin yayanta shekara tara, kuma sau biyu ana hana ta biza. Ta ce ko fuskarsa ta gani a likkafani ta gode wa Allah. Ni kuwa wata biyar ke nan ina ɗauke da wani saƙo na Kawu wanda ya soke waccan wasiyyar, kuma ban isar ba. Washegari da azahar za a kai shi wurin masu zuba wa gawa magani don tafiya. In ban yi magana kafin nan ba, shi ke nan.

Sai na koma baya kafin a gane yadda aka yi saƙon ya zo hannuna.

Na zo ƙasar nan karatun digiri na biyu, Kawu ne ya ɗauko ni a filin jirgi. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". Asabar ɗin farko, kamar kowa, aka ce in shirya. Ya cika fulas da shayi mai citta da kanumfari, muka hau jirgi. Ina ta zuba masa labarin gida, wane ya yi aure, wance ta haihu, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "A yi shiru, za mu wuce ta gidan mutane." Kafin in tambaya wane mutane, duhu ya rufe tagogi, ƙarar jirgin ta canza, kunnuwana suka toshe. Na dube shi. Idonsa a rufe, kansa a karkace, kamar mai sauraron gaisuwa daga nesa. Da muka shiga ruwa ake yi, da muka fito ta Marsden rana ce tas.

Daga tasha ya ja ni hawan dutse, ina haki ina tsine wa takalmina a zuci. A can sama, cikin ciyawa da tumaki, akwai wasu gine-gine masu zagaye kamar bakin rijiya, ta nan Kogo yake shan iska. Kusa da su tulin duwatsu ne baƙaƙe da aka tono daga ciki tun zamanin kakannin kakanni. Ya ɗauki guda ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce mutanen da suka fafe ramin nan yawancinsu baƙi ne irinmu, sun baro garuruwansu neman abinci, da diga da shebur da kyandir suka yi aikin. Wasu dutse ya danne su, wasu ciwo ya kwashe su, aka binne su a ƙauyukan nan, da yawa ko suna babu a kansu. "Kullum dubban mutane suna wucewa ta cikin guminsu suna danna waya," in ji shi. "Minti uku na shiru ai bai yi yawa ba."

Ɗan gidan jirgi ne tun asali. Kakanmu ma'aikacin layin dogo ne a Zariya, Kawu ya tashi yana gane jiragen da kukansu tun kafin su bayyana. Karatun injiniya ya kawo shi Ingila. Abokan karatunsa suka shige ofisoshi masu ɗumi, shi ya zaɓi rami. Aikin nasa shi ne ya bi bango da 'yar guduma da fitila a goshi, yana ƙwanƙwasa jan bulo ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya yakan amsa da ƙara siririya, wanda ruwa ya ci bayansa sai ya yi amo kamar ganga, sai a sa masa alama da alli. 'Yan gida sukan tsokane shi a wurin suna ko biki: injiniya guda da guduma kamar maƙeri. Sai ya ce, "Bulo ba ya ƙarya, sai dai in ba ka iya tambayarsa ba. Ku da kuke tambayar kwamfuta, wa ya gaya mata?"

Ritaya ba ta raba shi da halin ba. Kankana a kasuwar Longsight sai ya ƙwanƙwasa goma kafin ya ɗauki ɗaya, mai shagon har ya haƙura. Ɗalibi ba ya kama haya sai Kawu ya zo ya bi bangon da ɗan yatsa. Lokacin da na koma wani ɗaki a Gorton ba da saninsa ba, laima ta ci bangon har tufafina suna wari, na yi ta tari ina ɓoyewa don kada a ce na yi gaban kaina. Ran nan ya zo ba sanarwa. Bai gaishe ni ba, bangon ya fara gaisarwa. Ya zauna a kan gadona ya rubuta wa mai gidan takarda shafi uku, da irin Turancin da ni kaina sai da na nemi ƙamus. Cikin mako guda aka turo masu gyara. Sannan ya juyo kaina, ya yi min faɗan da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Ya ce wadda ke ɗauke da sunan uwarsa ba za ta ruɓe a ɗaki kamar albasa ba yana raye.

Har mijina sai da aka ƙwanƙwasa. Da ya zo gaisuwa, Kawu ya kai shi Kogo, su biyu kawai, suka wuni. Da suka dawo na tare Kawu da ido. Ya cire hula ya ce, "Na buga ko'ina, ban ji ganga ba."

Mutum ɗaya ne Kawu bai taɓa iya zama da shi su yi hira ba, shi ne Likita. Ɗan fari ne, kuma Kawu ya riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ya tsallako da ita teku ko ɗigo bai zubar ba. Bai taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami "yaron nan" ne, da ya girma ya koma "mutumin Birmingham". Duk abin da zai gaya masa sai ta bakin Anti, matarsa. A Zariya wannan ba abin magana ba ne, kowa ya san ƙaunar ce ta yi yawa har ake ɓoye ta. Amma Likita a Manchester aka haife shi, ya tashi yana ganin iyayen abokansa suna rungumar 'ya'yansu a ƙofar makaranta.

Ina wurin ranar da suka yi faɗansu mafi girma. Bayan ciwon zuciyar Kawu na farko, Likita ya sayi gida mai ɗaki a ƙasa don iyayensa su koma kusa da shi. Suna zaune a falo ɗaya, tsakaninsu bai fi taku uku ba, Anti a tsakiya.

Kawu ya ce, "Ki gaya wa mutumin Birmingham ni ba kaya ba ne da za a canza min shago."

Likita ya ce, "Mummy, ki gaya masa stairs ɗin gidan nan za su kashe shi. I'm not joking."

"Ki tambaye shi, akwai dutse a garin nasu?"

"Akwai hospital minti biyar daga gida!"

Anti ta gaji, ta miƙe ta ce ita ba gidan waya ba ce, ta shige kicin. Suka zauna shiru kusan rabin awa, kowa yana kallon bangonsa, don ba mai isar da magana. A mota, da na raka shi, Likita ya bugi sitiyari ya ce da ni, "Ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunana ba. Not once." Abin da bai sani ba sai daga baya, Kawu ya hau jirgi shi kaɗai ya je Birmingham ranar da Likita yake wurin aiki, ya sa surukarsa ta buɗe masa sabon gidan, ya wuni yana bin bangon ɗakunan jikokinsa da ɗan yatsa. Bai koma can da zama ba, amma sai da ya tabbatar ba inda ruwa zai shiga.

A duk rayuwarsa abu ɗaya tak Kawu ya taɓa roƙon ɗansa, shi ma ta bakin Anti, tun Likita yana makarantar koyon aiki: in na mutu, a gaya wa yaron nan ya kai ni gida. Likita ya riƙe wannan magana kamar ita ce gadonsa.

A watan huɗu na bana, bayan ciwon ya sake bugunsa, Kawu ya kira ni ya ce in ɗauki hutun kwana ɗaya. Muka hau jirgi, muka yi shirunmu a inda aka saba, muka sauka a Marsden. Hawan dutse ya riga ya fi ƙarfinsa. Muka taka a hankali ta gefen ruwa har wani benci da ake hango bakin Kogo. Ya zo zai zuba shayi, na karɓi fulas ɗin, bai hana ni ba. A nan na san da magana.

Ya ce, "Uwata, na canza shawara. In ta Allah ta kasance, a nan za a binne ni."

Na ce, "Haba Kawu, wace irin magana ce wannan ana zaune ƙalau?"

"Ba a zaune ƙalau, kin sani na sani. Na raka gawa uku filin jirgi a garin nan. A zuba maka magani, a rufe ka a akwatin ƙarfe, a ɗora ka a sikeli, a jera ka da jakunkunan mutane. Ka yi kwana goma ba ka huta ba. Ba na so." Ya nuna duwatsun da haɓa. "Waɗannan wa ya kai su gida? Ƙasa ba ta tambaye su daga ina suke ba. Kuma jikokina a nan suke. A Zariya, in ƙanwata ta bi ni, wa zai san inda nake?"

Jirgi ya fito daga Kogo, muka jira ya wuce.

"Ki gaya wa mutumin Birmingham. Yaron nan ba ya saɓa alkawari, ko a ka ne zai ɗauke ni har Zariya. Ni na ɗora masa, ki sauke masa."

Na ce me zai hana ya faɗa masa da kansa, ko ya bi ta wurin Anti kamar kullum. Ya ce Anti in ta ji ba za ta ƙara barci ba. Batun ya gaya wa Likita da kansa kuwa, ya ce, "Shekara arba'in ban iya kallon idonsa na ce sannu ba, yau sai in fara da maganar likkafani? Ke taubashiyarsa ce. Ɗan namiji da 'yar mace, abin da duk kika faɗa masa ba zai zama rashin kunya ba."

Na ce, "Umma fa?"

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. A ƙarshe ya ce, "Ita ce ban san yadda zan yi da ita ba."

To, ga inda na gaza, kuma zan faɗa ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba. Sau biyu na je Birmingham da niyyar isar da saƙon. Da na shiga Likita zai fara, "Ga baiwata ta zo, a ba ta tsintsiya," in rama, yara su yi ta dariya, a kawo abinci. Ta ina mutum zai sako maganar kabari a cikin wannan? Na ce sai wani zuwan. Can ƙasan raina kuma akwai abin da ya fi wannan: na san ranar da saƙon ya fita daga bakina, na yanke wa mahaifiyata ganin ƙarshe da ɗan'uwan da ya rage mata. Duk lokacin da na je Levenshulme Kawu zai dube ni ta saman tabarau, in ce, "Ina hanya, Kawu." Sau ɗaya ma na ce masa na fara. Ƙarya na yi masa, kuma na tabbata ya ji amon ganga, ya dai ƙyale ni.

Ranar Alhamis da safe na sami Likita a ɗan filin bayan gida, kusa da kwandunan shara, yana waya da masu jirgi. Na tsaya har ya gama. Na ce, "Yaya Likita, ina da saƙo daga Kawu." Na faɗa masa duka, har da bencin, har da watan.

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Five months? Wata biyar kina zuwa gidana kina cin abinci?"

Na ce, "Eh."

"Kuma ke ya gaya wa. Ni ina nan, ɗansa, ina da waya, ina da mota. Abu ɗaya ya taɓa nema a wurina, ɗaya, shi ma ya karɓe ta hannun wata." "How do I even know? Wa ya ji banda ke?"

Na ce ba kowa, daga ni sai Allah. Ba ni da takarda, ba ni da shaida. Sai na maimaita masa maganar Kawu yadda ta fito, ban gyara ko kalma ba: yaron nan ba ya saɓa alkawari, ko a ka ne zai ɗauke ni har Zariya, ni na ɗora masa, ki sauke masa.

Likita ya zauna a kan dakalin ƙofar kicin. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce, "Haka ya ce? Ba na saɓa alkawari?" Na ce wallahi haka ya ce. Mutumin da tun jiya bai zubar da hawaye ba, yana ta sa hannu a takardu, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin na yara. Anti ta fito, ashe tana jin mu ta taga. Ta dafa kansa ta ce ita dama ta san da wata a ƙasa, tun da Kawu ya daina maganar gyaran rufin gidan Zariya.

Da ya natsu ya share fuska ya ce, "Zan fasa komai. Amma ni ba zan iya gaya wa Gwaggo ba. Ke za ki kira ta."

Na hau sama na rufe ƙofa. Umma ta ɗauka tun bugun farko, ta ce, "An sa ranar?" Na ji hayaniyar mata a bayanta, masu zaman jiran gawa. Na gaya mata. Na gaya mata har da wata biyar ɗin, don kada ta ɗora wa Likita. Sai ta ce, "Na ji," ta kashe. Na zauna a bakin gado ina jin na yi wa uwata abin da ba zai gyaru ba.

Bayan kamar awa ɗaya ta kira. Muryarta a dake. Ta ce, "Ki gaya wa ɗana ya yi yadda ubansa ya ce. Abu ɗaya nake so. Kafin a ɗauke shi, a kai min waya kusa da kunnensa."

Ranar Juma'a, a wani ɗaki na bayan masallaci a Longsight, bayan an yi masa wanka an suturta shi, aka bar mu mu kaɗai, ni da Anti da Likita. Likita ya durƙusa, ya buɗe muryar wayar, ya riƙe ta daidai kunnen mahaifinsa. Ya ce, "Gwaggo, ga shi."

Umma ta yi sallama kamar mai shiga ɗaki. Ta ce, "Yaya, ni ce. An ce ka fasa zuwa." Ta ja numfashi. "Shekara arba'in da uku, duk Sallah in na ce yaushe za ka dawo gaba ɗaya, sai ka ce baɗi. Ban taɓa ce maka ƙarya kake ba. To na yafe maka su duka, kowace baɗi. Kai ma ka yafe min, don na daɗe da sanin ba za ka dawo ba. Ina tambaya ne kawai don in ji ka ce za ka zo."

Ba wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu.

Sai Umma ta ce, "Ɗana, ɗauki ubanka. Kada ku sa shi jira."

Kafin la'asar an binne shi a maƙabartar da ke kudancin gari. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa wurin da ya zaɓa ya kwanta, Ya yafe min jinkirina. Sallah saura 'yan watanni, kuma ban san wa Umma za ta tambaya ba.